Jan biro a littafin awon hawan jini: labarin teburinmu na ƙofar masallaci a Tudun Wada, Kaduna

Abin ya samo asali ne daga kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban tifa ne, mutum ne da ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. Wata rana da asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi, matarsa ta leƙo ta ga bakinsa ya karkace gefe guda yana magana kamar wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Kafin gari ya waye gida ya cika, kowa da fassararsa, wannan ya ce iska ce ta buge shi a makewayi, wannan ya ce jifa ce don dama akwai wanda suka yi sa-in-sa a wurin lodin yashi, aka yi hayaƙi aka shafa man zaitun aka kawo rubutu, har da masu ɗura masa kunu wai don ya samu ƙarfi, ya sarƙe ya yi ta tari. Sai a kwana na biyu aka kai shi asibiti, ashe shanyewar ɓarin jiki ce. Ina tsaye likita ya yi tambaya biyu, yaushe abin ya fara, kuma dama yana da hawan jini? Ta farko muka amsa da kunya, ta biyu kuwa babu wanda ya sani, don mutumin da ya haura hamsin ba a taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba ko sau ɗaya.

Ni malamin firamare ne, ban san komai a harkar lafiya ba. Amma a layinmu akwai wata nas da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata har jikokinta, sai wani yaro ma'aikacin lafiya a matakin farko da ke aiki a ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Su na samu da maganar, na ce Sista me zai hana mu riƙa auna mutane kyauta ranar Juma'a tunda ga jama'a nan a tare ba sai an kira su ba. Ta ce to, amma da sharaɗi, ba za mu ba kowa ko ƙwaya ɗaya ta magani ba, ba kuma za mu ce wa mutum kana da hawan jini daga awo ɗaya ba, mu ba asibiti ba ne, mu masu nuna hanya ne. Muka yi karo-karo muka sayi na'ura biyu masu batir irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta hana a sayi ta wuyan hannu duk da ta fi araha ta ce ba ta cika faɗin gaskiya ba. Muka je wajen mai unguwa, muka je wajen Malam liman, muka sanar da mai kula da ƙaramin asibitin don kar ya ga mutane na zuwa da takardarmu bai san daga ina ba. Kayan aikin ke nan, tebur ɗaya, benci biyu na aro daga makarantar allo, littafi mai kauri, biro shuɗi da biro ja. Duk wanda awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce, da ja ake rubuta sunansa.

Juma'ar farko wallahi shirme muka yi. Ana sallame sallah mutane suka yo kanmu, an sha rana, an yi tafiya, ana turereniya, wani na taunar goro wani ya zuƙi sigari a bayan katanga, yaranmu masu taimako kuma suna ɗaura abin a kan hannun babbar riga mutum na tsaye yana ba da labarin siyasa. Kusan duk wanda aka auna sai ja. Wani dattijo na'ura ta nuna masa 170 ya fara salati yana cewa a kira masa babban ɗansa, Sista ta zaunar da shi a inuwa ta hana shi magana minti goma ta sake aunawa sai ga shi ƙasa da 140. Nan ta ce a tattara, yau an tashi, ta yage shafin gaba ɗaya.

Daga nan ne aka samu abin da yara suka laƙaba wa suna bencin shiru. Kafin a auna ka sai ka zauna minti 5 a inuwa, ka jingina bayanka da bango, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, ba waya ba hira. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri ko sigari sai ya jira rabin awa, wanda fitsari ya matsa ya je ya dawo. A naɗe hannun riga, a ɗora hannu a tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Layi ya rage sauri sosai, wasu suka yi ƙorafi suka tafi, amma lambar da muke rubutawa ta zama abin da za ka iya kare ta a gaban likita.

Bayanin lambar ma sai da muka sha wuya kafin muka samu bakin zaren. Yaron asibiti ya fara da turancinsa ba wanda ya gane, sai wani mai wankin mota da ke layi ya ce ai kamar tiyo ne, in famfo ya yi ƙarfi da yawa kullum, ko dai tiyon ya fashe ko datti ya taru ya toshe shi, kuma tiyon ba ya kuka kafin ya fashe. Shi ke nan muka ɗauka. Haka shanyewar ɓarin jiki take, ko jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai ɓangaren jikin da wurin ke sarrafawa ya saki. Kuma ba mu muka ƙirƙiro alaƙar ba. Akwai babban binciken da ake kira SIREN wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Zariya da Kano, sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu na da nasaba da hawan jini, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu cutar fashewar jijiya ce, wadda ta fi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙiyasinta na 2021 ta ce manya biliyan 1.28 ne ke da hawan jini a duniya kuma kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Kawuna na cikinsu.

Maganar da muka fi ji a teburin nan ita ce, ai ni Malam ba na ciwon kai, ba na jiri. Ta biyu ita ce, ai ciwon masu kuɗi ne da masu tumbi, ko na wanda tunani ya yi wa yawa. Ranar da wani mai garuwa, siriri kamar sanda wanda yake wuni yana tura kura, awonsa ya nuna 180 da wani abu har sau uku, mutanen da ke kan benci suka yi tsit. Wannan awon ɗaya ya fi duk wa'azin da muka yi tasiri.

Wani kuskuren da ya kusa kashe mana aikin shi ne faɗar lamba da ƙarfi. Yaro zai duba ya ce Alhaji 165 bisa 100, duk layi ya ji. Akwai wani bawan Allah da ke neman ƙarin aure, kafin la'asar labari ya kai majalisa, abokansa suka sa shi gaba wai ya bari amarya ta huta tunda bifi ya hau, mutumin nan bai sake gaishe ni ba sai bayan wata biyu. Abin dariya ne amma ya koya mana hankali. Muka yanka kwali ƙanana muka mai da su kati, a rubuta lamba da kwanan wata a miƙa maka, in akwai magana Sista ta ja ka gefe.

Mata kuwa sam ba sa zuwa, kuma laifinmu ne da muka zaci za su zo su zauna a benci a tsakiyar maza ranar Juma'a. Sista ta ɗauki na'ura ɗaya da 'yan mata biyu ta koma Islamiyyar matan aure ranar Asabar. A can ne aka gano abin ɗaurawar da ya zo da na'ura ya yi wa manyan mata kaɗan, kuma in ya matse sai lamba ta hau fiye da gaskiya, dole muka sake karo-karo aka sayo babba. A can ne kuma aka samu wata mai ciki wata bakwai, ƙafa a kumbure, tana cewa idonta na ganin wuta-wuta, awo ya nuna 160/110. Sista ba ta tsaya rubutu da ja ba, ta sa aka kira mijin a waya ta ce masa ɗana ka same mu a asibiti yanzu ba anjima ba, don tana tsoron jijjigar masu ciki. An kwantar da ita, ta haihu lafiya daga baya. Hirar gishiri ma a wurin mata ta fi armashi, don su ke riƙe da tukunya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma da na miya da na dunƙule da na yaji da na kilishi duk a ciki. Wata Hajiya ta ce Sista ke dai kina so a sake mu ne, in na rage dunƙule Alhaji zai ce miyar ta zama ruwan wanki. Sista ta ce Hajiya rage guda ɗaya wannan makon ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, kar ki gaya masa, in ya gane ki zo ki kama ni. Kanwa ma ta shiga lissafi don ita ma 'yar'uwar gishiri ce.

Mun gwada tashar mota, bai yi ba. Direba ba zai zauna minti 5 shiru ba alhali ana kiran lodi, kuma su ne suka fi buƙata, goro da sigari da lemon ƙara kuzari da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da suke sha kamar gyaɗa, waɗanda ke ɗaga jini in an daɗe ana sha. Sau uku muka je muka haƙura. Wani ɗan siyasa ma ya aiko a tambaya ko zai sa hotonsa a jikin rumfar ya saya mana na'ura biyar, Malam liman ya ce a yi masa godiya.

To yanzu ga inda labarin yake. Bayan wasu watanni littafi ya yi nisa muna ta jin daɗi ana yaba mana a majalisa, sai wata rana Sista ta ce Malam ɗauko littafin nan mu kira masu jan suna mu ji wa ya je asibiti. Muka zauna a zaurenta muka sa kati a waya muka yi ta kira. Jikina ya yi sanyi. Mafi yawansu ba su je ba. Wanda ya je kuma ya karɓi magani ya sha na wata ɗaya ya ji garau ya ajiye. Wasu sun wuce kemis kai tsaye sun ce a ba su maganin bifi, an ba su katin ƙwayoyi ɗaya, ya ƙare, shi ke nan. Wasu sun koma zoɓo da tafarnuwa, wanda ba laifi ba ne a matsayin abinci amma ba zai sauko da 180 ba. Kuma in ka saurari dalilansu ba za ka iya zaginsu ba, ɗan kasuwar da ke Kasuwar Barci ko mai walda a Panteka in ya tafi asibiti ya bi layin kati ya bi layin likita wuni ya tafi, cefanen ranar ya tafi, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka, ga magani shi ma ya tashi, kuma an ce masa abin sha ne har iyakar rai. Mutumin da ba ya jin ciwon komai. Ashe mu abin da muke yi duk wannan lokacin shi ne mu ba mutum lamba mu tsorata shi na kwana biyu ya manta.

Cikin jan sunayen akwai mai shayin bakin layinmu, dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Awonsa 190/115, ni na rubuta da hannuna. Sista ta ce masa Baba wannan ba na jira ba ne, yau za ka je. Ya yi dariya ya ce 'yata in na rufe tebur yau wa zai ba mutane shayi da yamma, Litinin in sha Allahu. Litinin ta zo ta wuce, kullum ina wucewa ta gabansa ina sayen burodi, ko sau ɗaya ban tambaye shi ba, ban san me ya hana ni ba, wataƙila nauyin baki, ka tsare dattijo a gaban kwastomominsa kana tambayarsa asibiti. Bayan 'yan makonni yana zuba shayi da safe kofi ya faɗi.

Abin da ya bambanta shi da kawuna shi ne yaron da ke masa wanke kofuna. Yaron nan kullum yana raɓe a teburinmu yana jin abin da muke maimaita wa duk wanda ya zauna, kalma huɗu, baki, hannu, magana, mota. Ka ce ya yi murmushi ka ga ko baki ya karkace, ya ɗaga hannu biyu ka ga ko ɗaya zai faɗi, ya yi magana ka ji ko ta sarƙe, in ka ga ko da ɗaya ne nemi mota, ka duba agogo ka riƙe lokacin. Kar a ba shi ruwa ko kunu don maƙogwaro ba ya haɗiya daidai zai iya wucewa huhu, kar a ba shi asfirin don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma ba mai iya bambancewa da ido sai an yi hoton ƙwaƙwalwa. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi wa mai toshewa amma cikin awa 4 da rabi ne, ko inda babu ita ma zuwa da wuri na ba likita damar kula da jini da numfashi da haɗiya. Mutane sun taru ana cewa a kai shi gida a kira malam, yaron ya tare Keke yana ihu yana cewa Sista ta ce mota. Kafin awa ɗaya suna asibiti. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, an sha jira, hoton sai da aka tura su wani wuri aka yi ta haɗa kuɗi a waya, amma Baba ya rayu, maganarsa ta dawo, yana tafiya da sanda, hannun hagun ne har yanzu bai gama dawowa ba.

Mutane suka yi ta cewa ai teburinku ya yi rana. Ni ban gan shi haka ba. Sunansa na cikin littafinmu da ja makonni kafin ya faɗi, gidansa taku kaɗan ne daga nawa.

Bayan wannan muka sauya tsarin gaba ɗaya, kuma sauyin rage aiki ne ba ƙari ba. Muka daina zuwa sababbin wurare duk da ana ta gayyata daga Rigasa da Unguwar Sanusi har wani coci a Kakuri, waɗanda suka zo dai muka nuna musu yadda muke yi su je su kafa nasu. Duk jan suna yanzu yana da mai bibiya, maƙwabci ko abokin sana'a ko ɗa, wanda mai sunan ya zaɓa da bakinsa, shi za mu tambaya. Wanda ya kai 180/120 ba a barinsa ya ce Litinin, in yana da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani na dishi-dishi, daga teburin sai Keke, akwai 'yan kuɗin da muke ajiyewa a gwangwani don wannan. Sauran kuma mun daidaita da ƙaramin asibitin mazaɓa, rana ɗaya a mako da sassafe a tafi a ƙungiya a dawo kafin kasuwa ta buɗe, wanda lamarinsa ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin Yusuf Ɗantsoho nan Tudun Wada ko asibitin Barau Dikko. Muna ƙarfafa wa mutane su yi rajista da KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, muna kuma gaya musu su faɗa wa likita gaskiyar aljihunsu don akwai magani irin amlodipine mai sauƙin kuɗi da ake sha sau ɗaya a rana, ya fi a rubuta maka mai tsada ka sha mako biyu ka bari. Da azumi ya matso mukan tuna wa masu sha su tambayi likita yadda za su mai da shi sahur ko buɗa-baki maimakon su ajiye har sallah. Na'urorin ma lokaci-lokaci yaron asibiti yana tafiya da su ya gwada da ta wurin aikinsu, don ƙurar hunturu da raunin batir ba su bar komai ba.

Gaɓar da na fi jin tsoro ita ce maganar iska da jifa, don ba ka isa ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce wa mutane addu'a ba ta da amfani ba, kuma ni ma ban yarda da hakan ba. Na je wajen liman na ce Allah gafarta Malam, ya za mu yi da wannan? Bai ce min komai ba. Juma'ar da ta fi kusa da 29 ga Oktoba, ranar yaƙi da shanyewar ɓarin jiki ta duniya, bayan ya sallame ya ɗauki lasifika ya ce jama'a duk wanda ɗan'uwansa ya faɗi baki ya karkace, a yi masa addu'a, amma a yi ta a cikin Keke a kan hanyar asibiti, Allah yana ji a can ma. Tun daga ranar har yara na faɗa.

Har yanzu akwai masu ɓace mana. Akwai wanda in ya hango ni sai ya canza layi. Kawuna yana nan a ɗaki, 'ya'yansa maza duk mun auna su, biyu da ja. Baba mai shayi kuwa ya mai da kansa sarkin bencin shiru, ranar Juma'a da sandarsa yake zuwa ya zauna a ƙarshen benci da ɗan kwano, duk wanda ya zo da goro a baki sai ya miƙa masa kwanon ya ce tofar, in ka buɗe baki za ka yi hira ya buga sandar a ƙasa. Juma'ar da ta wuce da muka tashi na buɗe littafi na ga mai garuwan nan sau uku ke nan ba ya zuwa, wayarsa a kashe, wanda ya zaɓa ya bibiye shi kuma ya ce ya koma kwana wani kango a bayan layin dogo. Sista ta zura na'ura ɗaya a leda ta miƙo min ta ce gobe bayan asuba kafin ya fita da kura.